Gadon Ƙarfe a Bayan Akori-kura

Kun daɗe kuna ba da wani labari a gidan nan kuna dariya, ni ma ina taya ku. Wai Innarku, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa shiga akori-kurata ba don tsoron kada ƙofa ta ɓalle da ita a hanya, tun da a gaban idonta na harhaɗa motar da gangunan mai. Labarin yana da daɗi, shi ya sa na ƙyale shi ya yi ta yawo. Amma ba haka abin yake ba. Matar da ta hau bayan babur daga nan Funtuwa har Maska a tsakiyar damina, da goyo a bayanta, ba ƙofar mota ce za ta firgita ta ba. Yanzu da ƙarfi ya tafi, ido ma walda ta cinye rabinsa, ina so in rubuta muku yadda aka yi, don ku daina ɗora mata tsoron da ba ta ji ba, ni kuma ku daina ganina da wankakken sunan da ban cancanta ba.

A shekarar da aiki ya tsaya a kamfanin gurzar audugar da na yi rabin rayuwata ina walda, na dawo zaman gida. Wanda ya saba tashi da ƙarar ƙarfe ba ya iya zaman tabarma. Da damina gona ta riƙe ni, amma da aka kwashe amfani sai na rasa inda zan sa kaina, na koma ina shiga harkar da ba tawa ba, har yawan gishirin miya sai da na sa wa ido. A nan ne na ji labarin wata tsohuwar akori-kura a Dandume. Mai ita manomi ne, ya yi shekaru yana ɗaukar takin zamani a bayanta ba tare da shimfiɗa komai ba, kuma duk wanda ya san ƙarfe ya san taki yana cinsa fiye da ruwa. Da na je na tarar kaji suna ƙwai a mazaunin direba, bayan motar kuwa ana hango ƙasa ta cikinsa. Na kwanta na leƙa ƙarƙashinta, na ƙwanƙwasa shasin da guduma tun daga gaba har baya, ya amsa mini da murya mai kyau. Shi ke nan, na ce ina so. Tarakta ta jawo ta har gida, muka ɗage dangar baya muka tura ta gindin mangwaro.

Yaya Hanne, wadda ta dawo zama da mu tun bayan rasuwar mijinta, ita ta fara fitowa. Ta riƙe haɓa ta ce:

"Haruna, gawar wa ka kawo mana? Ko wanka za mu yi mata?"

Innarku ta fito daga baya tana goge hannu da gefen zani. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta ɗan taɓa ƙofar da yatsa, tsatsa ta zubo. Ta yi murmushi.

"Malam, in Allah Ya tashe ta, ni za ka fara kaiwa Bakori."

"An gama," na ce. "A gaba ma za ki zauna."

Injin ba aikina ba ne. Maƙwabcinmu Iliya makanike shi ya ɗauke wannan, ni na riƙe jiki. Ranar Lahadi yana coci, ranar Juma'a ni ba na kunna wuta, sauran kwanakin kuwa unguwa ba ta huta da mu ba. Na fara da yanke duk inda tsatsa ta ci, sai da motar ta koma kamar ƙashin kaza bayan biki. Kowane guntu na cire, sai in ɗora shi a kan kwali in zana siffarsa, in yanka kwalin, in gwada a gurbin, in rage, in sake gwadawa, kafin in taɓa ƙarfe. Falankin ƙarfe na samo daga gangunan mai: a fasa ganga, a ƙona ta don maiƙon ya fita, a shimfiɗe ta a bisa dandamali a yi ta duka har ta miƙe. Inda aikin yake shi ne wuraren da suke da kumburi, irin saman taya. Masu gyaran jikin mota na yanzu sai su liƙa ƙarfe yadda ya zo, su cike ramin da fila, wannan ƙullun da ke bushewa a goge a shafa fenti. Ni na ɗauki alkawari ba zan yi haka ba. Ina so ƙarfen da kansa ya ɗauki siffar, ko da zai ci mini wata guda.

Don a kumbura falanki ana bukatar itace mai rami a ƙarƙashinsa. Na duba gidan kaf, sai idona ya faɗa kan wani tsohon turmi da ya tsage, an jingine shi a bayan madafa. Na je na sami Innarku tana tankaɗe.

"Asabe, turmin nan na bayan madafa, kina da sauran aiki da shi?"

"Wanda ya tsage? Ɗauka mana, Malam. Da ma murhu yake jira."

Na ɗaure shi da waya, na binne rabinsa a ƙasa. A cikinsa na buga kumburin tayoyin gaba biyu. Sai in ɗora falanki a bakin turmin, in bi shi da guduma mai zagayayyen kai, daga tsakiya ina fita waje a hankali, in ɗauka in kara a jikin motar, in dawo. Bayan haka in bi shi da ƙaramar guduma a kan uwar maƙera, bugu dubu, har tabon babbar gudumar ya ɓace. Ba ido ke gaya maka ka gama ba, tafin hannu ne. Kwanakin nan na ji daɗinsu ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Innarku takan aiko mini da kunun tsamiya da hantsi, wani lokaci ta kawo da kanta, ta tsaya daga nesa saboda tartsatsi, ta ce in dai haka ake daka, to ta yarda na fi ta iyawa.

Zuwa bazara jiki ya haɗu, saura rumfar baya, wato ƙarafunan da ake tayarwa don su riƙe buhuna in an yi lodi mai tsawo. Akori-kura marar rumfa a ƙasar masara ba ta da wani amfani. Na zagaya wurin masu sayar da ƙarfe, duk bututun da aka miƙo mini sai in ji shi kamar karan dawa a hannu. Na dawo gida ran nan da zafin rana, raina a ɓace. Innarku ta tafi Bakori suna, za ta kwana uku. Na shiga ɗakin ajiya neman wata waya, na ɗaga tsofaffin buhuna, sai ga gadon ƙarfenta na aure, irin mai rumfar nan na da, a kwance an kwance shi gunduwa-gunduwa. Tun da babbanku ya sayo mata na katako aka fito da shi, ya shekara biyar ban ga ta leƙa shi ba. Na ɗaga ƙafa ɗaya na ji nauyinta, na ƙwanƙwasa ta da makulli. Irin wannan ƙarfen an daina yin sa.

A nan nake so ku fahimce ni da kyau. Na san kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata, miji ba shi da ko cokali a ciki. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma idon mai walda wani irin ido ne. A wurina abin ya fita daga ɗaki, ya daina zama gado, ya koma bututu takwas da ƙarfe mai kusurwa guda huɗu. Har na gaya wa kaina cewa za ta ji daɗi ta ga an yi amfani da shi maimakon tsatsa ta cinye. Kafin la'asar na yanka shi. Kwana biyu na yi ina lanƙwasawa ina haɗawa, rumfa ta tsaya cak. Har 'yan ƙwallayen tagulla huɗu da ke saman ƙafafun gadon na goge su da toka, na ɗaura su a kusurwa huɗu don ado. Na ja da baya na duba, na yaba wa kaina.

Ta dawo da yamma, da ƙullin kayan suna a ka. Ta dangar baya ta shigo, don haka motar ta fara gani. Ta tsaya. Ta dubi ƙwallayen nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsaye ina jiran yabo.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce.

Ta wuce ɗaki.

Ranar da motar ta tashi, da fentinta shuɗi yana ƙyalli, unguwa ta fito. Na buɗe ƙofar gaba na aika a kira ta, ta ce tana da wanki. Na ce to gobe. Gobe ta ce ƙafa ke damunta. Ban kawo komai a raina ba. Tuwo yana zuwa a kan lokaci, ruwan wanka ma haka, gaisuwar safe ba ta fasa ba. Sai dai kunun hantsi ya koma zuwa ta hannun wani, zolayar nan tata kuma ta ɗauke ɗif. In na shigo tana hira da Yaya Hanne, sai hirar ta koma ta farashin barkono. Mun yi shekara talatin tare, ban taɓa jin gidana ya yi mini faɗi kamar a daminar nan ba, amma duk da haka sai da Yaya Hanne ta tare ni a zaure.

"Haruna, kai fa ka san ƙarfe, amma ba ka san mutane ba. Gadon wa ka yanka?"

"Haba Yaya, wanda aka jefar?"

"Ajiyewa aka yi. Jefarwa daban."

Na shiga wurin Innarku da sauri, ina jin na gano bakin zaren. Na ce ta yi haƙuri, gobe-goben nan zan shiga kasuwa in sayo mata sabon gado wanda ya fi wancan. Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo ta'aziyya ya ɓuge da tallar haja.

"Ina da gado, Malam. Allah Ya saka da alheri. Abin da ya ba ni mamaki ɗaya ne: turmin da ya tsage ka tambaye ni."

Na juya na fito. Har a lokacin ina ganin abin ya yi yawa a kan tsohon ƙarfe.

Wajen ƙarshen damina na kai wa wani kaya Bakori ranar kasuwa, na biya gaida yayanta Malam Sule. Ya fito ya taya ni murna, ya zagaya motar yana sa albarka. Da ya zo kan rumfar sai ya ɗora hannu a kan ƙwallon tagulla ɗaya, ya daɗe bai ɗauke ba. Muka zauna a dakali, aka kawo fura. Shi mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba ko kaɗan.

"Malam Haruna, Asabe ta taɓa gaya maka yadda aka sayi gadon nan?"

Na ce a'a.

"Ba za ta faɗa ba. Babanmu san noma ɗaya gare shi, baƙi. Maƙwabcinsa ma ɗaya, sai su haɗa su a garma, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Asabe ce ke jan igiya a gaba tun tana 'yar mitsitsiya, ita ke ba shi harawa, ba ya yarda da kowa sai ita. Da aurenku ya matso, dangi suka ce gadon kara ya isa, talaka ba ya gadon ƙarfe. Baba kuwa ya sayo na ƙarfen. Ranar da aka sauke gadon a gida, Asabe ta zagaya baya ta tarar da turke ba kowa. Daga shekarar nan da hannu ya yi huɗa har ƙarfinsa ya ƙare, bai sake mallakar sa ba."

Ban iya shanye furar ba. Na tuna tsohon nan, surukina, da yadda bayansa ya ranƙwafa, ni kuwa duk zatona tsufa ne kawai. Kunya ta rufe ni, irin wadda mutum ke jin da ƙasa za ta tsage ya shige. Na tuƙo mota zuwa Funtuwa, duk ramin da na faɗa sai in ji rumfar ta yi ƙara a bayana, sai in ji kamar da ni take.

Kafin in iso gida na gama yanke shawara. Zan cire rumfar in mayar mata da gadonta. A lokacin kaka ta ƙarato, manoma daga Maska har hanyar Malumfashi sun riga sun yi magana da ni kan kwasar masara, kuma na san in na cire rumfar wannan kakar ta wuce ni. Na ce ta wuce ɗin. Har wani daɗi nake ji a raina, ina ganin girman abin da zan sadaukar. Don in ba ta mamaki, na ce injin ne ke damuna, na kai motar filin Iliya na rufe ta da tamfol. Shi kansa sai da ya ce:

"Malam Haruna, ka yi magana da Hajiya kuwa?"

"Ai abin mamaki ba a sanar da shi," na ce masa.

Mako biyu na yi. Na yanke duk haɗin da na yi da hannuna, na gasa inda na lanƙwasa na miƙar, na zura guntayen ƙarfe a cikin bututun don su riƙe, na liƙe, na goge har sai ka sa hannu kafin ka gane wurin. Ban taɓa yin aiki mai tsafta kamarsa ba. Amma abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Da na haɗa shi, gadon ya ragu da taƙi guda a tsawo, rumfarsa ma ta yi ƙasa. Waɗanda na saɓa wa alkawari suka nemi wata motar, wasunsu ba su sake nemana ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Da hantsi na shigo da motar ta dangar baya, bayanta fayau, gadon a kwance a ciki. Na sauke shi na kafa a gindin mangwaro, na ɗaura ƙwallayen a mazauninsu, na aika a kira ta. Ta fito. Ba gadon ta fara duba ba, motar ta duba. Ta daɗe tana kallon wuraren da na yanke rumfar, sannan ta zauna a kan wani kututture. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ɗauka na farin ciki ne.

"Malam, ka sake yankawa."

"Na mayar miki da shi ne, Asabe. Malam Sule ya gaya mini komai."

"Na sani. Amma bari in gaya maka abin da bai gaya maka ba, don shi ma bai sani ba. Da farko raina ya ɓaci, ƙwarai ma. To sai wata rana ina tsaye a bakin danga ka wuce da lodin iri da garmar wani, za ka kai gona. Na ga ƙarfen nan ya riƙe kayan, bai ko motsa ba. Sai na ce a raina, ashe san Baba ya koma gona. Tun daga ranar, in na ji tashin motar nan sai in leƙo. Ina ta jiran kaka in ga ya ɗauko masara. Na kusa ce maka ka kai ni Bakorin ma."

Na tsaya da sifanar da na ɗaure gadon da ita a hannu. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Na yanka mata abu sau biyu, na farko don son raina, na biyu don in wanke kaina, kuma duka biyun ban buɗe baki na tambaye ta ba. Na farkon ma da sauƙi, tun da ban san tarihinsa ba. Na biyun na san komai, har Iliya ya tuna mini. Ban taɓa jin na yi ƙanƙanta a gaban mutum kamar a wannan hantsin ba. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce zan sake mayar da shi rumfa, kwana biyu sun isa. Allah Ya taimake ni na haɗiye. Ƙarfen ya sha wuta sau biyu, ba zai ɗauki ta uku ba, kuma ko zai ɗauka, ba ni ke da ikon faɗa ba. Na ajiye sifanar, na durƙusa a kan turɓaya kusa da ita, abin da ban taɓa yi ba.

"Na yi miki laifi, Asabe. Ki yafe mini. Yanzu me kike so a yi da shi?"

Ta share ido da bakin mayafi. Ta tashi ta je ta shafa gadon tun daga kai har ƙafa, yatsunta suna tsayawa a duk inda na liƙa, ko ɗaya ba ta ƙetare ba.

"Na yafe. A bar shi haka, ya gaji. A fitar da na katakon, a shigar mini da wannan."

Daga baya na yi wa motar wata rumfa da bututun kasuwa, ta yi mana aiki shekaru, amma Innarku ba ta sake leƙowa in ta tashi ba, ba ta kuma shiga ba. Ba fushi ba ne, ta yafe da gaske, kunun hantsi ma ya dawo ta hannunta. Abin da take leƙowa ta gani ne ba ya nan, kuma ni na cire shi.

A ranar nan dai ni kaɗai na kwance gadon, na hana kowa taɓawa. Na ɗauki ɓangaren kai, wanda ya fi nauyi, na shiga da shi ɗakinta. Idona ya riga ya auna inda ya dace, jikin bangon gabas, nesa da ƙofa, ƙafata har ta fara nufar wajen. Sai na tsaya. Tana waje tana magana da Yaya Hanne, ba ta yi sauri ba. Na tsaya a tsakiyar ɗaki da ƙarfen a rungume, zufa tana shiga mini ido, ban ajiye ba sai da ta shigo ta nuna mini wuri.